Fitilun ribas sun ɗauke duka biyu, na canja ƙwai da makunni amma shiru

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin wayarin na mota ku taimaka mini. Motata manuwal ce, ƙirar 2004. Yau kusan sati uku fitilun ribas ɗinta ba sa kawowa. Da farko sukan kawo yau su ƙi gobe, yanzu kam sun ɗauke ɗif. Na canja ƙwan duka biyu, babu labari. Na kai wa wani bakanike ya ce makunnin jikin giyabos ne, na sayo sabo ya ɗaura, ko motsi. Yanzu wai sai an kwance wayarin baya gaba ɗaya. Sai kuma wani abu: idan siginar hagu tana aiki na taka birki, sai ta dushe, fitilar fakin ta gefen ta riƙa ƙiftawa tare da ita. Shin duk ciwo ɗaya ne? Daren jiya saura ƙiris in hau kan wani mai keke, don bai san baya zan yi ba.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Fis ne Oga. Canja fis ka huta.

Ɗan Koyo:
Ni ma haka na gani. Amma Yallaɓai ka tabbata ki yana kunne lokacin da kake dubawa? A yawancin motoci fitilar ribas ba ta kawowa sai an murɗa ki zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa.

Baban Ummi:
Ki a kunne yake. Fis kuma na zaro na ɗaga shi a haske, lafiyarsa ƙalau.

Tsohon Rewaya:
Baban Ummi, sannu da wahala. Kafin ka bari a taɓa maka wayarin nan, tsaya mu bi wutar daga inda ta taso. Hanyarta gajeriya ce: daga fis ta je makunnin giyabos, daga makunni ta bi waya ɗaya har bayan mota, ta shiga ƙwai, ta fita ta at, wato wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota. Wuri biyar ne kacal. Wanda ya ce a kwance komai bai gwada ko ɗaya ba.

Duban fis da ido ba gwaji ba ne. Na sha ganin wanda ya tsage can gefe inda ido ba ya kaiwa. Ka samu testa mai ƙwai a ciki, ka maƙala bakinta a ƙarfe mai tsabta, ki a kunne, ka taɓa 'yan ƙarafan nan biyu da ke leƙowa a bayan fis ɗin yana zaune a gurbinsa. Duka biyun su kunna testa. In ɗaya ya kunna ɗaya ya ƙi, ya mutu. Kuma ka tabbata shi ne fis ɗin, domin ba kowace mota ke rubuta sunan ribas a murfin akwatin ba. Toyota da yawa na wancan zamanin sun haɗa shi da fis ɗin agogunan dashbod.

In fis ya wuce, ja hambirki, kashe inji, bar ki a kunne. Cire soket ɗin makunnin giyabos, baki biyu gare shi. Ɗaya dole ya kunna testa. Sai ka haɗa bakin biyu da 'yar waya, wani ya duba maka baya. Ka dawo ka faɗa mana abin da ya gani.

Injiniya Ƙarami:
Baba, tuba nake, amma wannan haɗa baki da waya kada a mayar da shi magani ga kowa. A motar 2004 manuwal babu damuwa. Amma akwai masu karantawa a nan da motocinsu makunnin ba ya kai wuta ga ƙwai kai tsaye, saƙo kawai yake aika wa kwamfutar jikin mota, ita ce ke kunna fitilar. Mutum ya haɗa bakin da ba shi ba a soket mai wayoyi da yawa, sai ya tashi da gyaran da ya fi na farko.

Tsohon Rewaya:
Gaskiyarka, na karɓa. Shi ya sa na ce baki biyu. Duk wanda ya buɗe ya ga wayoyi shida ko takwas ya mayar ya rufe, ya nemo zanen wayarin motarsa.

Mai Otomatik:
To mu fa masu otomatik? Tawa ma takan yi wannan wasan.

Injiniya Ƙarami:
Taku makunnin yana saman giyabos ko gefensa, daidai inda kebul ɗin giya ke ɗaure. Shi ne kuma ke hana mota tashi sai a P ko N. Saka ta a R ƙafarka a kan birki, ka ɗan girgiza sandar giyar gaba da baya. In fitilar ta kawo ta ɗauke, ko harafin R a dashbod yana ɓacewa, to ko makunnin ya goce daga saiti ko cikinsa ya yi datti. Sau da yawa saiti kawai yake so.

Mai Otomatik:
Ikon Allah. Wani lokaci ma sai na mayar da ita N take tashi. Ashe abu ɗaya ne.

Maman Abba:
Assalamu alaikum, ku gafarce ni in tsoma baki. Ni fitila ɗaya ce ke kawowa in na sa ribas, ɗaya gefen ba ta taɓa kawowa ba tun da na sayi motar. Ƙanena ya ce ƙwan ne, ya buɗe ya canja, haka nan.

Ɗan Koyo:
Hajiya, gilashin gefen da ba ya kawowa fari ne ko ja?

Maman Abba:
Na fita na duba yanzu. Ja ne. Ɗayan kuma fari.

Ɗan Koyo:
To motarki lafiya take. Wasu motocin Turai haka ake ƙera su, fitilar ribas ɗaya, ɗaya gefen fitilar hazo ce ta baya. Tana da makunninta daban kusa da na fitilun gaba, kuma ba ta kamawa sai fitilun gaba na kunne.

Maman Abba:
Kai jama'a! Shekara biyu ina jin kunyar motar nan a banza. Na gode ƙanena, Allah ya yi albarka.

Baban Ummi:
Na dawo. Fis ya kunna testa ta gefe biyu. A soket ɗin giyabos baki ɗaya yana da wuta. Na haɗa su da waya, yarona yana baya, ya ce babu komai. Sai na ari mitar auna wuta wurin maƙwabci na cire ƙwai na auna cikin gidan ƙwan, ta nuna bolt 12.1. Wuta na zuwa, ƙwai sabo ne, amma ba ya kamawa. Ni dai kaina ya ɗaure.

Direban Dare:
To ƙwan ne jabu. Sabo ba ya nufin mai kyau.

Baban Ummi:
Na gwada shi kai tsaye a batir, ya haska kamar rana.

Tsohon Rewaya:
Alhamdu lillahi, mun kusa. Da farko dai ka ga makunnin da ka saya ba shi da laifi, tsohon ma mai yiwuwa lafiyarsa lau, ka adana shi.

Batun mita kuwa, ita ce ta ruɗe ka. Mita ba ta cin wuta. Ko waya ta karye bakinta biyu suna ɗan shafar juna, ko tsatsa ta cinye mahaɗi saura ƙiris, mita za ta rantse maka akwai bolt 12. Ƙwai kuwa aiki yake nema. Ƙwan ribas mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75, biyu sun kai 3.5. Hanyar da ta ƙuntata haka ba za ta iya ba shi ba. Kamar famfo ne da aka kusa toshe bututunsa: in a rufe yake ka ji shi da ƙarfi, kana buɗewa sai ɗigo. Shi ya sa ni har gobe testa mai ƙwai na fi yarda da ita a irin wannan aiki.

Injiniya Ƙarami:
Baba a nan kam sai mun ja. Ba laifin mita ba ne, laifin yadda aka auna ne. Galibin mitocin nan juriyarsu ta kai om miliyan 10, da gangan aka yi su haka don kada su taɓa abin da suke aunawa. Ƙa'idar ita ce ka auna alhali ƙwan yana ciki, da'irar tana ɗauke da nauyinta. Kuma mita za ta gaya maka abin da testa ba za ta iya ba, wato nawa ake asara kuma a wane gefe.

Baban Ummi, mayar da ƙwan. Baƙar sandar mita a ƙarfe mai kyau na jikin mota, jar kuma ka tura ta bayan soket ta taɓa wayar da ke kawo wuta. In lambar ta faɗi kusan sifili da zarar ƙwan ya shiga, matsalar tana gaba, tsakanin giyabos da nan. In ta tsaya a 12, matsa jar sandar zuwa wayar at ta ƙwan. At mai lafiya bai kamata ya wuce bolt 0.2 ba. Ka ga 5 ko 10 a wurin, to wuta ta shiga ta rasa hanyar fita.

Ni dai hasashena at ne. Ya ce sigina da fakin suna ƙiftawa tare, wannan aikin at ne ƙarara. At ɗaya ya lalace ya kwashe su duka.

Tsohon Rewaya:
Gwajinka daidai ne, hasashenka ne ban bi ba. Baban Ummi, fitilun ribas ɗinka a jikin murfin but suke ko a jikin mota tare da na birki?

Baban Ummi:
A murfin but suke Baba. Na birki da sigina suna jikin mota.

Tsohon Rewaya:
To ciwo biyu ne gare ka. Na murfi daban, na hagu daban.

Injiniya Ƙarami:
Ba lallai ba ne. Akwai motocin da at ɗin murfi ke saukowa ya haɗu da na fitilar hagu a noti ɗaya. Mu jira awo.

Direban Dare:
Ni duk wannan dogon lissafi ban gane masa ba. Lokacin da tawa ta yi haka waya na sa aka ja mini daga batir zuwa baya, aka sa mini ɗan makunni kusa da sitiyari. In zan yi baya in danna. Shekara guda ke nan.

Ɗan Koyo:
Oga akwai fis a kan wayar?

Direban Dare:
Fis na me? Waya ce mai kauri.

Tsohon Rewaya:
Kaurin nata shi ne abin tsoro. Ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe babu abin da zai yanke ta, batir zai juye mata duk abin da ke cikinsa, ta yi ja a ƙarƙashin kafet. Ka sa mata fis mai amfiya 10 kusa da batir yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe. Sannan ranar da ka manta ba ka kashe ba, kana tafiya gaba da farar fitila a bayanka, na bayanka zai ɗauka kansa kake tahowa.

Direban Dare:
Hakan ta taɓa faruwa kuwa, har wani ya bi ni da zagi. To zan sa.

Ɗan Koyo:
Baba don Allah ina da tambaya a kan siginar. Kullum ina jin ana cewa at ne, amma ban gane yadda rashin at ke kunna fitilar da ba a kunna ba.

Tsohon Rewaya:
Tambaya mai kyau, ɗana. Ɗauki ƙwan birki ka duba cikinsa, zare biyu ne. Mai wat 21 na birki, mai wat 5 na fakin. Shi ne ake rubuta wa P21/5W, wasu su ce 1157. Zaren biyu ƙafa ɗaya suke sauka a kai, wato jikin ƙarfen ƙwan, daga nan zuwa at. Shi ma ƙwan sigina a at ɗin nan yake sauka. To idan at ya tsinke, wutar da ta shiga ta zaren birki ko ta sigina ba ta da ƙofar fita. Sai ta juya ta bi zaren fakin ta baya, ta shiga layin fakin, ta zagaya ta sami at a ɗaya gefen motar. Duk ƙwan da ta ratsa sai ya ɗan yi ja, kuma babu wanda zai samu cikakken haskensa saboda rabawa suke yi.

Gwajinsa kuwa babu wuya. Ɗauki waya ka ɗora baki ɗaya a ƙarfe mai tsabta, ɗayan ka taɓa jikin ƙarfen gidan ƙwan. In komai ya daidaita nan take, ka kama ɓarawonka.

Akwai wani abu da ke kama da wannan, a kiyaye. Wani zai danna ƙwai mai zare ɗaya, P21W, cikin gidan mai zare biyu. Gindinsa ɗigo ɗaya ne a tsakiya, sai ya haɗe bakin birki da na fakin. Kana taka birki fitilun dashbod su kama. Ai don haka aka sa kunnuwan mai zare biyu ba su yi daidai ba, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ƙwai ya ƙi shiga da daɗi, ba nasa ba ne ko an juya shi.

Mai Otomatik:
Me zai hana a sa LED kawai a huta da ƙonewar ƙwai?

Injiniya Ƙarami:
A ribas babu laifi in ka sami mai kyau, sai dai ka sani da yawansu suna da gaba da baya, in bai kama ba zaro shi ka juya. A sigina ne rigimar take. An tsara sigina ta ƙifta tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti, kuma ta yi sauri in ƙwai ya mutu don direba ya sani. LED ba ya jan wuta sosai, sai mota ta ɗauka ƙwai ya mutu ta kama ƙifta da gudu. Ko ka canja rile, wato na'urar da ke sa sigina ƙiftawa, zuwa na LED, ko ka sa rezisto, wato abin da zai ja wuta kamar ƙwan zare, shi kuma zafi yake yi ƙwarai, a jikin ƙarfe ake ɗaure shi ba kusa da roba ba. Kuma LED ba ya gyara karyayyiyar waya. Wani lokaci ma ɓoye ta yake yi, don zai iya haskawa da 'yar wutar da ƙwan zare ba zai motsa da ita ba.

Abu Sadik:
Tun da ana kan batun, ni nawa fis ne ke ƙonewa duk lokacin da na sa ribas. Na canja huɗu. An ce in sa mai amfiya 20.

Tsohon Rewaya:
Kada ka sa. In jan fis mai 10 aka ba wurin, 10 ɗin ne. Ƙwai biyu ba su kai amfiya 4 ba, to me ke cin sauran? Waya ce ke taɓa ƙarfe bayan makunni. An taɓa ɗaura maka kyamarar baya ko na'urar nan mai ƙara in ka kusa bango?

Abu Sadik:
An sa kyamara wata biyu da suka wuce.

Tsohon Rewaya:
Fara da can. Daga wayar ribas ake sato wa kyamara wuta, kuma sau da yawa murɗawa kawai ake yi a naɗe da selotef. In ba ka gan shi a nan ba, ga dabara: cire fis, ka haɗa ƙwai mai wat 21 a gurbinsa da wayoyi biyu, ka zare ƙwayayen ribas, ka sa giya. Muddin wayar na taɓa ƙarfe ƙwan zai haska sosai, kuma babu abin da zai ƙone. Sai ka bi wayarin kana motsa shi, inda hasken ya ɗauke nan ne.

Baban Ummi:
Jama'a ga sakamako. Da ƙwai a ciki mita ta faɗi zuwa 0.3 a wayar wuta. Ina tsaye ina tunani sai yarona ya ɗan sauke murfin but, kawai fitilun suka kawo! Ya ɗaga suka ɗauke. Na janye robar nan da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa murfi. Waya ɗaya a ido lafiya take, amma ina lanƙwasa ta na ji ta karye a cikin rigarta. Wasu biyu kuma rigarsu ta tsage, tagulla a waje.

Na hagun kuwa, na yi gwajin wayar da Baba ya ce, nan take sigina ta dawo daidai. Na cire fitilar na tarar ruwa ya kwanta a ciki, bakin at na soket ya yi kore shar.

Injiniya Ƙarami:
To Baba, na sara. Ciwo biyu ne.

Tsohon Rewaya:
Ai awonka ne ya nuna gefen, ni tsufa ne kawai ya sa na taɓa gani. Wayar murfi kullum a lanƙwashe take, a buɗe a rufe, shekara ashirin, dole wata rana ta gaji.

Baban Ummi, wajen gyara kada ka haɗa ta daidai inda ta karye. Duk mahaɗi tauri gare shi, musamman in an yi masa dalma, zai sake karyewa a gefensa. Yanke tsawon da ke cikin robar duka, ka sa sabuwar waya mai laushi mai kauri irin nata, mahaɗi ɗaya ya kasance cikin jikin mota ɗaya cikin murfi, inda ba a motsi. Rufe su da robar nan mai tsukewa in ta ji zafi. Biyun da suka tsage ma haka za ka yi musu tun kana wurin, kuma cire kan batir na negatib kafin ka fara.

Soket ɗin kuma goge shi da sanfefa mai laushi har ƙarfe ya fito, ka ɗan matse bakin don ya kama. Amma nemo inda ruwan ke shiga, ko soson bayan fitilar ya mutu ko gilashin ya tsage, in ba haka ba koren zai dawo.

Baban Ummi:
An gama. Ribas biyu suna haskawa, sigina da birki kowa ya kama gabansa. Har fitilar lamba da ban ma san ta mutu ba ta dawo, ashe tana cikin biyun da suka tsage. Soson bayan fitilar ne ya rube, na sa sabo. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya. Tsohon makunnin na gwada shi da mita, ina danna kansa tana ƙara, lafiyarsa lau. Ga shi nan a aljihun mota.

Direban Dare:
Oga Baban Ummi ajiye mini shi. Ina ga tawa wannan ne ciwonta tun farko.

Ɗan Koyo:
Oga ka fara haɗa bakin soket ɗin ka gani tukuna. Kuma ka sa fis ɗin nan kuwa?

Direban Dare:
Na saya, yana cikin aljihuna.